Sadiya 'Yar Mai Gumi da Takardunta Uku

Halimatu Sa'adiyya, wadda kowa a Karfi yake kira Sadiya, a cikin tururin shinkafa ta tashi. Mahaifiyarta Inna Asta sana'ar gumi take yi tun kafin ta haife ta: a sayo shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a hannun manoman rani, a jiƙa, a turara a duro, a shanya, sannan a kai inji a cashe. Da yake Sadiya ce 'yar fari, ita ce mai iza wuta, ita ce mai korar kaji daga shanya. Tun tana firamare wani abu yake ɗaure mata kai. Yau buhu ya dawo daga inji ƙwaya dogo-dogo gwanin sha'awa, gobe ya dawo rabi duk a karye, alhali shinkafa ɗaya ce, hannu ɗaya ya turara. In ta tambaya, Inna ta ce rana ce ta yi mata yawa, ko ta ce mai injin ne bai iya ba. Ran da ta gaji kuwa sai ta ce, "Ke dai iza mini wuta."

Mahaifinta Malam Uba manomin albasa ne, mutum mai kaifi ɗaya, maganarsa ba ta wuce uku a rana. Shi ya tsaya kai da fata ta gama sakandare, ta shiga jami'a a Kano ta karanci kimiyyar sarrafa abinci. Tana aji uku aka ɗaura mata aure da Zaharaddini, mai adaidaita sahu, wanda yake jigila tsakanin Kura da Na'ibawa. Da cikin Ilham ta rubuta jarrabawar ƙarshe, da goyonta ta yi bautar ƙasa, bayan nan Fatihu ya zo. Ta samu koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kura, ta shekara shida tana fama da alli da allo.

Zaharaddini kuwa Allah ya yi masa baki. Duk fasinjan da ya hau bayansa, kafin a kai Kwanar Dawaki ya san matarsa mai digiri ce. Yakan ce, "Ni a sakandare na tsaya, amma Maman Ilham ta yi mana mu biyu."

Wata Asabar Sadiya tana gidansu tana taya Inna juya shanya, sai ga motar jami'a ta tsaya a ƙofar gida. Dakta Mika'ilu ne, malamin da ya duba aikinta na kammala digiri, ya kawo ɗalibai su ga yadda mata suke gumi. Da ɗaliban suka fara tambayoyi, Inna ta nuna 'yarta da haɓa. Sadiya ta yi musu bayani tiryan-tiryan. Har ta nuna musu wani gwaji da ta daɗe tana yi don kanta: kashi ɗaya ta shanya a rana kai tsaye, kashi ɗaya kuma ta tara shi ya huta a inuwa kafin a mayar da shi rana, kuma na biyun bai cika karyewa ba.

Dakta Mika'ilu ya cire tabarau ya dube ta. "Halima, wannan ai aikin digiri na biyu kike yi a tsakar gida ba mai ba ki takarda. Me kike jira?"

"Malam, da wane kuɗin?"

"Akwai masu biya. Sai dai ba sa zuwa gida su yi sallama, ke za ki neme su."

Tun daga ranar ya riƙa turo mata sanarwar guraben karatu a waya. Wata huɗu ta yi tana cike-cike. A cikin gidansu sabis sai ya ga dama, don haka bayan la'asar takan fita bakin babbar magudanar ruwan da ta ratsa gonaki, ta zauna kan siminti, manoma na wucewa da fartanya suna gaishe ta, ita kuma tana loda takardu. Bayanin da ake rubutawa a kan dalilin neman karatun sau bakwai Dakta yana dawo mata da shi. "Kin cika manyan kalmomi," in ji shi. "Gaya musu labarin duron Inna." Ta yi fasfo, ta zauna jarrabawar Turanci, ta nemi wuri tara. Huɗu suka ba ta haƙuri, biyu ko uffan.

Ranar wata Alhamis, lokacin hutun tara, tana ofishin malamai tana cin gyaɗa, wayarta ta yi ƙara. Wata jami'a ce a Ingila. Layin farko kawai ta karanta ta miƙe tsaye, gyaɗar ta watse a ƙasa. Sun ba ta gurbi! Malamai suka yo kanta, wata ta rangaɗa guɗa har shugabar makaranta ta leƙo. Nan take ta kira mijinta.

"Baban Ilham, sun ɗauke ni. Ingila."

"Wace Ingila? Ingila ta Turawa? Allahu Akbar!" Tana ji ya juya yana gaya wa fasinjoji, "Jama'a, yau ba mai biyan ko sisi, matata za ta Ingila!"

Kafin magariba babu lungun Karfi da labarin bai shiga ba. Zaharaddini ya dawo da kiret biyu na lemo da zakaru uku. Mata suka yi ta sallama suna Allah sanya alheri, wata tsohuwa har da saƙon a sayo mata maganin ciwon gwiwa. Sadiya bakinta ya ƙi rufuwa, ta yi dariya har kumatunta suka gaji.

Sai washegari da hantsi, gida ya yi shiru, ta zauna ta karanta shafi na biyu. Rabin kuɗin makaranta suka yafe mata. Sauran rabin, da masauki, da abinci, da jirgi, duk a wuyanta. Ta mayar da kuɗin zuwa naira a waya, ta ɗauka kuskure ta yi, ta sake. Haka ya sake fitowa.

Da Zaharaddini ya dawo daga masallacin Juma'a ta nuna masa. Ya duba wayar, sannan ya ce, "A sayar da adaidaita."

"Ko goma gare ka ba za su kai ba."

"Da gonata ta Imawa."

"Mu ci me, ni da yara, in na dawo? Kuma kai ka hau me?"

Ya sosa ƙeya. "To ni yanzu me zan ce wa mutane? Zakaru dai an riga an cinye."

Dariya ta ƙwace mata duk da abin da ke ranta. Dakta Mika'ilu da ta kira shi bai nuna damuwa ba. Ya ce gurbi daban, tallafi daban, kuma samun gurbin ma ba ƙaramin abu ba ne. Ya sa ta rubuta musu cikin ladabi ta tambaya ko da ƙari, ta kuma jira sauran.

Ba a yi sati biyu ba takarda ta biyu ta iso, daga wata jami'a a nan gida. Ba tallafi, amma kuɗin ba su fi ƙarfinsu ba, kuma za ta iya ci gaba da koyarwa, kullum ta kwana a ɗakinta. Sai kuma wata jami'ar aikin gona a Tanzaniya ta aiko cewa tana son ganawa da ita ta bidiyo. Sadiya ta ma manta ta nemi wurin. Shugabar makarantarsu ta ba ta aron ofis, aka tayar da janareta saboda ita. Wata farfesa ce mai furfura da faɗin fuska ta bayyana. Bayan gaisuwa ba ta tambaye ta sakamakon jarrabawa ba, cewa ta yi, "Awa nawa mahaifiyarki take jiƙa shinkafa? Da ruwan zafi ko na sanyi?" Nan fa bakin Sadiya ya buɗe. Minti ashirin aka ɗiba wa ganawar, sai da suka ci kusan awa guda. Ta fito gumi sharkaf, tana jin kamar ta taka rawa.

Kwana goma bayan nan takardarsu ta zo. Wannan karon sai da ta karanta har ƙasa, sau biyu, kafin ta kira kowa. Wata gidauniya ce za ta ɗauki nauyin komai: kuɗin makaranta, ɗaki, jirgi, da alawus duk wata. Shekara biyu ce, amma wata shida na ƙarshe a gida za ta yi su, tana bincike tare da masu gumi na yankinta. A makon dai mutanen Ingila suka amsa, suka ƙara rangwame, ya zama kashi bakwai cikin goma sun yafe. Kowanne kuma ya ba ta wa'adin amsawa kafin ƙarshen wata.

Wadda a da take neman ɗaya, ga uku a hannunta. Abinci ma ta kasa ci don zumuɗi. Tana cikin koyar da darasi sai ta tsinci kanta tana murmushi, ɗalibai na taɓa juna.

Ranar Asabar suka ɗunguma gidan su Inna. Malam Uba na kan tabarma a gindin darbejiya yana gyaran igiya, Inna na juya shanya da ƙafa. Sadiya ta zayyana musu duka ukun. Zaharaddini ya kasa haƙuri.

"Baba, Ingila fa shekara ɗaya ce tak. Sun ma rage. In aka haɗa ƙarfi..."

"Har yanzu abin da ya saura ya fi gonarka da adaidaita," in ji Sadiya.

"Amma Tanzaniya kuma? Mutum ya tashi daga Afirka ya tafi Afirka?"

Inna ba ta daina juya shinkafarta ba. "Ni ban san ko ɗaya ba. Wa zai ciyar da ke a can?"

"Na Tanzaniya su za su ciyar da ni, Inna. Na Ingila ni zan ciyar da kaina."

"Akwai masallaci?"

"Akwai Musulmi da yawa. Na tambaya."

"Suna cin shinkafa?"

"Suna nomawa ma, har suna son koyon gumi irin namu."

"To su waɗancan da ba sa nomawa, me za su koya miki a kanta?"

Sadiya ta ce a'a, suna da na'urori da manyan malamai, kuma takardarsu tana da daraja ko'ina. Gaskiya ta faɗa, don ita ma ranta yana biyawa. Amma abin da ya fi tsaya mata ba Ingila ba ce, Fatihu ne da bai cika biyar ba, da Ilham da ta fara haddar izu na uku. Na gida ba zai raba ta da su ko kwana ɗaya ba. Sai dai ta san kanta: koyarwa da safe, girki da yamma, karatu a abin da ya rage, kuma kayan gwaji daga aljihunta.

"Shekara ɗaya da rabi ba na nan, Inna," ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni da na raini bakwai, biyu ne za su gagare ni? Ga ubansu da rai da lafiya."

Malam Uba ya ajiye igiyar. "Mijinki ya yarje miki?"

Zaharaddini ya gyara zama. "Baba, ko ina ta zaɓa na yarda."

"To ki yi istihara. Wanda ya kira ki ya shimfiɗa miki tabarma, ya fi wanda ya ce ki zo da taki." Ya koma kan igiyarsa.

Ta yi istihara kwana uku. Ranar Laraba da safe, kafin ta fita makaranta, ta rubuta wa Ingila da jami'ar gida godiya da ban haƙuri. Sannan ta buɗe takardar Tanzaniya, ta miƙa wa mijinta wayar.

"Ga wurin nan. Kai za ka danna."

Ya goge yatsa a riga, ya yi bismilla, ya danna. Ilham da Fatihu suka hau tsalle ba tare da sun san na mene ne ba.

Ba a yi kwana uku ba Zaharaddini ya zama masanin Tanzaniya. Ya san sunan kuɗinsu, ya san dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka a can yake. Duk wanda ya ce masa, "Ashe ba Ingilar ba ce?" sai ya ce, "Ingila ta nema, mu muka ba ta haƙuri. Waɗannan biyan ta za su riƙa yi tana karatu. Kai an taɓa biyan ka don ka zauna a aji?"

A watan Oktoba suka raka ta filin jirgi a Kano, adaidaita uku cike da 'yan uwa. Ta yi kuka da ta rungume yaran, ta yi dariya da ta ga yajin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da Inna ta cusa mata a jaka ba ta sani ba.

Yanzu tana zango na uku. Ta iya gaisuwa da ciniki da Swahili, ta saba da shinkafar da ake dafawa da ruwan kwakwa, ko da yake ta ce ba ta kama ƙafar garau-garau ba. Kullum bayan la'asar sai ta kira gida ta ji haddar Ilham. Da bazara za ta dawo, kuma farfesarta ta ce ta nemi mata masu gumi arba'in da za su yi aikin tare. Ta roƙi Inna ta fara tuntuɓar su. A kiran da suka yi na baya-bayan nan ta tambaya ko an samu.

"Arba'in?" in ji Inna. "Ɗari da goma sha ɗaya ne suka ba da suna, har daga Bunkure. Sai ki zo da kanki ki tace, ni ba zan yi baƙin jini a garin nan ba."