Ƙwaryar Nonon Habsatu

Mudi bakanike ne a Gazawa, kuma kada ka kuskura ka ce masa a jefar da shokozoban tsohon moto, ƙarfen bayan nan mai shanye gargadar hanya. Kwance shi yake yi, ya wanke, ya zuba sabon mai, ya mayar. In ya gama, don ya gwada aikin, sai ya goya matarsa Habsatu a moton, tana riƙe da ƙwarya cike da nono, su bi hanya mai ramuka. Shekara ashirin ko ɗigo bai zuba ba, yana ta taƙama.

Bara Habsatu ta rasu. Yanzu ɗaure ƙwaryar yake yi a baya, kullum sai nonon ya zube. Ashe duk shekarun nan ba gyaransa ba ne, hannunta ne.