Ranar da Muka Auna Gudun Sauti

Akwai wata Laraba da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ina aji biyu na babbar sakandare a Kuje, farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja sai gine-gine ake yi ta ko'ina. A lokacin an san ni da raini, wai a kira ni in yi banza da mutum. Na sha faɗa wajen Mama a kan haka.

Ran nan malaminmu na fiziks ya fita da mu bayan makaranta, ya ce za mu auna gudun sauti. Ya tura ɗaliba ɗaya can bakin gonaki, nisan mita ɗari uku, riƙe da katako biyu. In ka ga ta buga su ka danna agogo, in ƙarar ta iso kunnenka ka tsayar. Kowa yana samun kusan daƙiƙa ɗaya.

Da aka zo kaina na tsaya a karkace, tifofin yashi suna wucewa ta damana. Na ga ta buga, na danna, na yi ta jira. Ban ji komai ba. Sai da na ga ana kallona na tsayar. Daƙiƙa huɗu. Aji ya fashe da dariya.

Malam bai yi dariya ba. Ya sa na sake, nan ma ban ji ba. Sai ya ce, "Juya, ki ba ta kunnen dama."

Na juya. Ta buga, na ji ƙarar tas.

Ya matso, ya murza yatsunsa kusa da kunnena na hagu. "Kin ji?"

"Me, Malam?"

Sai ya rubuta wa Baba takarda. A asibiti likita ya ce kunnen ya daɗe da mutuwa, wataƙila tun wani zazzaɓi da na yi ina ƙarama. A mota, da muka kusa gida, Mama ta kama hannuna ta ce, "Ki yafe mini."

Shekaru na yi cikin mutanen da ke ƙaunata, babu wanda ya gane, sai mutumin da ya ga lamba ta kauce ya tsaya neman dalili. Daga wurinsa na koyi cewa idan mutum ya yi abin da ban gane ba, in fara tambayar me ya hana shi, kafin in yanke masa hukunci.