Hasken Da Na Ara Wa Zauren Koci Ladi

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu tun da na ajiye aiki, amma ban da ranar da aka tura ni ɗaukar gasar ƙwallon tebur a wani zauren wasanni da ke hanyar Nyanya. Lokacin ina mataki na takwas na aikin gwamnati, a sashen yaɗa labarai na ma'aikatarmu, ni kaɗai ne mai hoto. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu da kyamarori masu gani a duhu, ku saurara.

Na isa da hantsi, cikin damina, bayan go-sulo ya gama tafasa ni. Ina shiga sai da na tsaya idona ya washe. Ƙa'idar wasan ce a rufe tagogi a kashe fanka, don iska kaɗan tana karkatar da ƙwallon. Fitilun sama kuwa yawancinsu sun mutu, sauran suna kyafta ido kamar masu jin barci.

Mai horar da 'yan wasan ita ce Koci Ladi, Bagwariya daga Yangoji, mace mai faɗa da son yaranta. Ta nuna mini wata 'yar wasa da tabo a gira, ta ce garin bin ƙwallon da ba ta gani ta daki gefen tebur. Shekara da shekaru take roƙon a gyara fitilun, kuma a shekarar aka yi mata alkawarin kwamitin ma'aikatarmu zai duba bayan gasa. Idan ba a gyara ba, iyaye sun ce za su janye 'ya'yansu.

"Oga mai hoto, ka ɗauka shi da kyau," in ji ta. "Manya su gani muna ƙoƙari."

Da kyau ta ce, da kyau na yi. A irin wannan duhu, in ka bar filashi a kan kyamara, fuskar ɗan wasa ta yi fari fat, bayansa baƙi ƙirin, ga shi ka kashe masa ido ana tsakiyar wasa. Don haka na ciro filashi biyu daga jaka, na ɗaura su a ƙarfen benen 'yan kallo, ɗaya dama ɗaya hagu. Na juya bakinsu ga farin bango, hasken ya daki bangon ya dawo a hankali ya rufe teburin. Rimot yana kan kyamara, ina dannawa su tashi tare. Na nemi izinin alƙalin wasa, aka gwada, yaran suka ce bai dame su ba. Na wuni ina hawa da sauka, gwiwar nan da kuke gani ina ja tun ranar ta fara ƙorafi.

Hotuna suka fito, ba yabon kai ba, ban taɓa yin kamarsu ba. Ƙwallo a tsaye cak a iska, gumi a goshi, bango tas kamar jiya aka yi fenti. Daraktanmu ya kira ni ofis ya ba ni hannu, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar zaman kwamiti aka ce in kawo hotunan in zauna a baya. Koci Ladi ta tashi ta yi bayanin duhu da tabon yarinyar. Shugaban kwamiti, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka zauren ba, ya ɗaga hotona ya juya shi ga jama'a.

"Madam, wannan ne wurin da kike cewa babu haske?"

Na ɗaga hannu na ce, ranka ya daɗe, hasken nawa ne, a jaka na kawo shi, a jaka na mayar. Aka yi dariya, aka ɗauka barkwanci nake. Darakta ya harare ni, na zauna. Aka soke maganar fitilu, aka wuce batun labulen ofis. Garin neman gira an rasa ido.

A bakin ƙofa Koci Ladi ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi in dawo in ɗauki wurin yadda Allah ya bar shi. Na koma na ɗauka ba filashi. Darakta ya duba ya ture, ya ce wannan ba aikin ƙwararre ba ne, ba zai kai wa manya abin kunya ba. Kafin damina ta zagayo, rabin yaran sun daina zuwa. Raina ya ɓaci, daga baya ma na gaji da ɓacin ran.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu manya ba sa zuwa wuri, hoto ne yake zuwa musu, kuma mai kyau kaɗai suke buɗe wa ƙofa. Saboda haka kafin ka kunna haskenka, ka fara ɗaukar wurin da nasa hasken, ka miƙa hotunan biyu tare a rana ɗaya.

Bara na bi ta zauren. Hoton nan nawa yana rataye a bango cikin gilashi. Sai da na kunna tocilan wayata kafin na iya ganinsa.