Mun Daskarar da Rumbun Ndagi, Ba Mu Samo Fuskarsa Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Ndagi makwancinsa. Na so in bar bana ta wuce shiru kamar sauran, amma abin da ya faru a watan jiya ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku masu karanta wannan shafi.

Ga wanda bai san shi ba, Ndagi mutumin Bida ne, abokina tun muna samari, mai gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a Kpakungu. A lokacin, in aka ce wane yana da kwamfuta a gida, har kallo ake zuwa. Yawancinmu ba mu da ita, sonta kawai muke yi, son da ba shi da magani. Duk Asabar bayan La'asar sai mu taru a ƙofar shagonsa, malaman makaranta, akawuna, 'yan Sabon Gari masu sayar da kayan wuta, da Bulus, wanda yake barin gonar ubansa a Garatu ya tako keke ya zo. Ndagi yakan buga takarda guda, ya yi fotokofinta, ya raba mana. Takardar Asabar muke ce mata. A ciki za ka ji wa ya shigo da kwamfutocin gwanjo daga Legas, wane kafen intanet ne layinsa ba ya jan ƙafa, wane bairos ne yake yawo a gari yana lalata kwamfutoci. A ƙasa kuma sai shawara. In an ɗauke wuta ka zare filogi, don ba ka san da wane fushi za ta dawo ba. Kada ka sa faifan da ba ka san inda ya kwana ba.

Mutum ne mai raha, amma akwai doka guda da ba ya wasa da ita. In aka kawo maka kwamfuta ka kwashe kayan cikinta, to ka kwashe duka gaba ɗaya, ba ka buɗe komai, ba ka zaɓe. Yakan ce kwamfutar mutum ɗakin kwanansa ce, mai gyara ba shi da hurumin leƙe. Ya taɓa korar wani daga zamanmu saboda ya buɗe hotunan matar mai kaya. Wannan doka ta shiga jininmu, har hannunmu yana yin ta ba tare da mun yi tunani ba.

Shekarar da ya sayi sikana, na'urar shigar da hoton takarda cikin kwamfuta, ya dame mu da wa'azi cewa zamanin hoton takarda ya ƙare, gara tana cinye shi, ruwa yana wanke shi, amma abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan. Ya kwaso hotunan gidansa kaf, na aurensa, na sunan 'yarsa Fati, har na makaranta, ya shigar da su. Na takardar ya bar su cikin kwali a ƙasan tebur. Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya shiga shagon, suka manne suka zama kunu. Matarsa ta yi kuka. Shi dariya ya yi, ya dafa kwamfutarsa ya ce mata, "Ki kwantar da hankalinki, duk muna nan ciki."

Bai ga damina ta gaba ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Fati a lokacin ba ta fi shekara biyar ba.

Mun yi rantsuwa a wajen zaman makoki cewa Takardar Asabar ba za ta mutu ba. Ba ta kai ƙaramar Sallah ba. Kowa ya kama gabansa, wanda ya gano wata dabara sai ya ɓoye ta don kada na kusa ya ƙwace masa masu kawo aiki. Yau shagon ma caji ake yi a cikinsa, wayoyi jere a kan katako. Ina yawan tambayar kaina me Ndagi zai ce in ya ga yanzu, da kowane ɗan acaɓa yake yawo da abin da ya fi kwamfutarsa ƙarfi a aljihu, amma ba mai son sanin abin da ke cikinsa. Kafe-kafen da muke alfahari da su ana ta rufe su. Masu gyaran waya kuwa, wasunsu kafin su taɓa sukuru sun gama kallon hotunan mai ita. Ina jin da baƙin ciki ne zai kashe shi, ba zazzaɓi ba.

A watan jiya Fati ta yi sallama a gidana, ta zama budurwa, ta gama sakandare. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta kwance wani ƙulli daga jakarta. Rumbun kwamfutar babanta ne, ƙarfen nan mai girman sabulun wanki da kwamfuta take ajiye komai a ciki. Mahaifiyarta ta sayar da gangar jikin tuntuni, amma Bulus ya cire mata wannan ya ce ta adana.

Ta ce, "Baba Sule, kowa a ajinmu yana da hoton babansa a waya. Ni ko kamanninsa ban riƙe ba. Hoto ɗaya nake so."

 Na shiga ɗaki na ɗauko wani faifan CD da Ndagi ya taɓa ba ni ajiya mai ɗauke da hotunan nan. Bayansa ya ɓare kamar fentin tsohon kwano, ba abin da ya karanta. Sai na kira Bulus, wanda yanzu shi kaɗai ne a cikinmu yake taɓa irin wannan aiki. Da ƙyar ya samo wata tsohuwar kwamfuta da za ta karɓi rumbun, a wurin wani mai buga katin biki a Sabon Gari. Muka haɗa, muka kunna. Sai ƙas, ƙas, ƙas. Duk wanda ya zauna a ƙofar Ndagi ya san wannan ƙara, ta rumbun da yake gargara ce.

Dabara ɗaya ta rage, kuma a Takardar Asabar muka koye ta. A naɗe rumbun cikin leda, a ɗaure sosai, a saka shi a firiza ya yi sanyi ƙarara. Wani lokaci yakan farfaɗo na ɗan lokaci kaɗan, sau ɗaya, daga nan shi ke nan. Muka roƙi wata mai sayar da zoɓo da ƙanƙara, ta saka mana shi a tsakanin robobinta tana kallonmu kamar waɗanda suka taɓu. Washegari da hantsi muka ɗauko shi, muka tada janareto don kada masu wuta su yi mana halinsu. Fati tana tsaye a bayanmu.

Ya tashi. Wallahi ya tashi. Kayan Ndagi suka bayyana a allo reras, kamar jiya ya ajiye su. Kafin in buɗe baki, hannun Bulus ya riga ya yi abin da ya saba, ya haɗe komai gaba ɗaya ya tura cikin filashi, bai buɗe ba, bai zaɓa ba. Ni ma da nake gefensa ban ga laifin hakan ba, har gyaɗa kai na yi. Kwamfuta kuwa ba ta san abin da ya fi wani daraja ba. Ta fara da tarin da ke sama, manhajojin da yake amfani da su wajen haɗa firinta da sikana, na injinan da yau ko a bola ba za ka same su ba. Muna kallo tana kwasar su a hankali. Can sai Bulus ya ce, "Kai, hotunan fa," ya kai hannu zai tsayar. Ƙarar nan ta dawo. Allon ya ƙame.

Mun mayar da shi firiza, mun sake gwadawa, har mai zoɓo ta gaji da mu. Bai ƙara motsi ba. Bulus, mutum mai furfura, ya zauna a dakalin shagon mai buga katin yana share ido da hularsa. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Haka ya koya mana, Sule. Haka ya koya mana."

To me ya rage na Ndagi? Takardarsa ta mutu, zamanmu ya watse, dabarunsa na injinan da suka riga shi tafiya ne ko suka bi bayansa. Abu guda na ga ya rayu, amanar nan da ya dasa mana a hannu, kuma ita ce ta hana 'yarsa ganinsa. Na juya wannan a raina har na gaji, ban samo inda zan ajiye shi ba.

Fati ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta matso gabanmu ta ce, "To ku dube ni da kyau. Wane wuri ne nasa?" Na ce goshin. Bulus ya ce a'a, goshin na uwarta ne, idanun ne nasa. Muka tsaya muna musu a gabanta, mu biyun da muka fi kowa saninsa a garin nan, kuma a cikin musun ne na gane ni ma ban tabbata ba. Ta jira mu daidaita. Da ta ga ba za mu daidaita ba, ta yi mana godiya, ta naɗe ƙarfen nan mai sanyi a cikin ƙullinta, ta tare acaɓa.

Allah ya jiƙan Ndagi, ya haskaka fuskarsa a inda ba a mantuwa.