Ranar Da Kayan Ya'u Suka Zube

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, in ka ce Ya'u, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Ba-ka-zuba, ko akuya za ta nuna maka shi. Tun yana saurayi yake ɗora buhunan riɗi da dawa a lori, kuma direbobin Doka da Simsim sun shaida: motar da ya ɗaure, ko ta kwanta a laka, kayanta ba sa motsi. Shi ma ba ya bari a manta. A gida ma, in ji matarsa, kwanoni yake jerawa manya ƙasa ƙanana sama, kuma har yau yana gaba da wata kaza da ta ture faranti.

Taƙamar nan ce ta ishi Hamoda, mai gyaran waya da yaƙi ya koro daga Khartum, ya kafa teburinsa gefen rumfar Atine mai shayi. Rannan bayan la'asar, rumfa cike, ya miƙa wa Ya'u waya.

"Ammu Ya'u," in ji shi, wato Baffa Ya'u, "taɓa min nan, hannuna da maiƙo."

Shafin bincike ne, wanda kowa ke rubuta tambayarsa a ciki. Ya'u ya ɗora yatsa. Sai komai ya rikito: ƙaton sunan da ke tsakiya, akwatin rubutu, 'yan maɓallai, duk suka zubo ƙasan gilashin suna birgima. Wasa ne da masu raha suka ƙirƙira, an sa wa shafin nauyi kamar na duwatsu. Amma wa zai gaya wa Ya'u?

"Innalillahi!" in ji Hamoda, ya dafe kai. "Ba-ka-zuba ya zubar!"

Rumfa ta ɗauki sowa.

"Ya zol, rufe min baki!" in ji Ya'u, yadda 'yan garin ke cewa "kai malam". "Wane ragon ne ya yi wannan lodin?"

"Ko wane ne, a hannunka ya zube. Ana jan su da yatsa, in kana iyawa."

Ya'u ya ajiye kofinsa, ya rantse in bai mayar da su ba kafin kiran magariba, kada a ƙara kiransa da sunan. Atine ta ce ita ce shaida.

Ya fara kamar yadda ya saba, babba a ƙasa. Ya jawo akwatin rubutu ya shimfiɗa, ya ɗora maɓalli, ya ɗora wani. Da ya ɗauko na gaba ya kai sama ya saki, ya faɗo ya watsa sauran. Ya sake. Ya tauna leɓe, ya yi wa wani ɗan maɓalli magana mai zafi game da iyayensa.

"Malam Ya'u, ko in kira attalai su kama maka?" in ji Atine, tana nufin abokan dakonsa.

"Kayan da ba igiya ai ba kaya ba ne!"

Ya kwance igiyar kugunsa, ya sa Hamoda ya maido shafin daidai, ya naɗe wayar tam, ya ƙulla irin ƙullin da ke kai riɗi Hawata lafiya. Ya taɓa ta tsakanin igiya. Suka zube.

Haushi ya kama shi. Ya figi ƙaton sunan nan ya wurga. Abin ya daki gefe, ya tashi sama, ya dawo ya tarwatsa maɓallai kamar 'yan tsaki a gaban shaho. Ya'u ya tsaya. Ya sake wurgawa, a hankali. Sannan da ƙarfi. Sai aka ji wata irin dariya daga bakinsa, siririya, wadda ba wanda ya taɓa ji a kasuwar. Mutumin da bai taɓa yarda ko ƙwayar dawa ta faɗi ba, ga shi yana jifa, ba mai kaya a kansa, ba abin da ya fashe.

Ladan ya kira salla.

"Ammu, lokaci fa ya cika," in ji Hamoda. "Sunan Ba-ka-zuba ya tafi."

"Ya tafi lafiya. Tsaya, kada ka taɓa, saura wancan ɗan ƙaramin."

Washegari Atine ta raɗa masa suna Zubau, kuma sunan ya bi shi. Lodinsa dai har gobe ba ya motsi. Amma da ya ja ƙullin ƙarshe, sai ka gan shi ya nufi teburin Hamoda yana goge yatsa a jallabiya.

"Ya zol, ba ni abin nan in ɗan yi ɓarna."