Hansai Lawal, Wadda Ta San Hanyar Carlingford

Ƙarfe bakwai saura na safe bas ke sauke Hansai Lawal a unguwar Thamesmead da ke Landan, tun daga unguwar Catford, da fulas ɗin shayinta a jaka. Shekara ashirin da uku ke nan tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi: wanka, shafa mai, magani, ba da abinci a baki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, gwiwa ta gaji.

Cikin tsofaffinta akwai Mista Eamon McArdle, mutumin Ireland, tsohon birkila mai shekara tamanin da bakwai, wanda ciwon mantuwa ya kama. Sunan 'yarsa Nuala ma yakan ɓace masa, amma ban da garinsu, Carlingford. In ya fara labarinsa, sauran ma'aikata "to, to" suke cewa su wuce. Hansai kuwa zama take yi. A bakinsa ta ji cewa gari ne tsoho, ruwan teku a gaba, tsauni a baya, lungunansa ƙuntatattu. Akwai tsohuwar ƙofar gari da har yau ake bi ta ƙarƙashinta, akwai fadar dutse ta Sarki John, wadda ta kai shekara ɗari takwas tana kallon ruwa, rufinta ya daɗe da zubewa. A gindin bangonta, in ji shi, yakan zauna jiran kwalekwalen babansa. Ita kuma ta ba shi labarin ganuwar Kano, har su yi gardamar wadda ta fi tsufa.

Wata Talata cikin Nuwamban bara, bayan abincin rana, masu gyara suka bar ƙofar baya a buɗe. Aka duba ɗakin Mista Eamon, ga kwat ɗinsa a rataye, shi babu shi. Aka kira 'yan sanda, suka bazu bakin kogin Thames. Nuala ma ta iso gidan a gaggauce.

"Ba kogi zai je ba," Hansai ta ce wa abokiyar aikinta Marvellous. "Kin tuna fitar da muka yi da tsofaffin zuwa Abbey Wood, kangon tsohon gidan ibadar nan? Yadda ya dinga shafa duwatsun? Kira mana taksi."

A can suka same shi, zaune a gindin rusasshen bango, silifas a ƙafa, leɓɓansa sun yi fari don sanyi. Marvellous ta ce ita da ta hango shi kuka ta fashe da shi. Hansai ta cire kwat ɗinta ta lulluɓa masa.

"Baba, me ake yi a nan?"

"Kwalekwale nake jira. Ya makara."

Ba ta ce masa nan Landan ne ba. "Ruwa ya janye, Baba. Yau ba zai shigo ba. Taso mu je mu sha shayi."

"Ta ƙofar gari za mu bi?"

"Ta nan za mu bi."

Ya miƙo mata hannu. Da suka buga waya gidan cewa an gan shi, Nuala a ƙasa ta zauna daɓas. Likita ya duba shi, ya ce sanyi ne kawai, bai riga ya yi masa illa ba.

Anti Hansai, ke ce mai kunnen sauraro. Ba ki taɓa taka Ireland ba, amma kin san lungunan garin wani don kawai ya samu abokin hira. Mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya haɗa ki da masu kula da ke yadda kika kula da iyayen wasu.

Ku kuma da za ku gaje ta, in tsoho ya fara ba ku labarin garinsu karo na ɗari, ku tsaya ku ji. Wata rana a can za ku je nemansa.