Ranar da Iya Tabawa Ta Wanke Yashin Makarantarmu

Wata ranar Litinin ce a farkon damina, ina aji biyu na sakandare a Riruwai, na tsaya gaban teburin shugaban makarantarmu da takarda a hannu. Na ce masa ina so in kafa ƙungiyar sanin duwatsu. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya dubi takardar, sunaye uku ne kacal a kai: ni, da ƙawata Rahila, da wata Saude da ta sa hannu don na yi mata sharar aji. Ya ce dokar makaranta ɗalibai ashirin ne, in ban kawo su ba zuwa Juma'a to a bar zancen. Ni kuwa da shegen cika baki na riga na gaya wa ajinmu kaf cewa ni ce shugaba, har wasu sun fara kirana Hajiya Tsakuwa.

Abin ya samo asali ne daga hanyar ɗiban ruwa. Kullum da yamma in mun sauke tulu mukan hau tsibin ƙasar da tsofaffin mahaƙa suka bari a bayan gari, mu yi ta tsintar duwatsu masu ƙyalli, wasu mu yi 'yar carafke da su, masu kyan kuma in ɓoye a gwangwanin madara ƙarƙashin gadon kakata, Iya Tabawa. A wurinta na tashi. Tun tana budurwa take wankin kuza a rafi, baƙin ma'adinin nan da ya tara mutane a garinmu, har tafin hannunta ya zama kamar bayan ƙwarya. Ba zan ɓoye ba, kunyar sana'arta nake ji a lokacin, don a makaranta in an ce wance jikar mai wankin kuza ce, ba yabo ake nufi ba.

Ranar Laraba na baje duwatsuna a kan benci lokacin tara, ina ta zuba bayani, aka zo aka leƙa aka watse. Da na koma gida na zauna bakin murhu ina kuka da majina. Iya ta jawo gwangwanin ta zazzage a faifai, ta ɗaga wannan ta jinjina, ta ɗaga wancan, sai ta tuntsire da dariya. "Kai, 'yar boko! Duk ƙyallin banza kika kwaso. Abin kirki baƙi ne, nauyinsa ake ji, ba a ganinsa daga nesa." Haushi ya kama ni, na ce to in ta isa ta zo ta nuna musu. Wallahi gatse na yi.

Ranar Juma'a muna tsaye a layi da safe, sai ga ta ta shigo da zanenta na zuwa rafi, da tsohuwar ƙwaryarta a ka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta durƙusa ta gaida shugaban makaranta, shi ma ya rusuna ya ce, "Iya, lafiya dai?" Ta ce jikarta ce ta gayyace ta, a ba ta bokitin ruwa kawai. Ta wuce bayan ajinmu inda ruwan sama ya yi zaizaya, wurin da muke zubar da shara kullum, ta kamfaci yashi ta cika ƙwarya ta tsuguna. Ta fara rairaya a hankali kamar mai tsince tsakuwa daga gero, ruwa yana kewayawa, farin yashi yana zubewa ta baki, ta ƙara ruwa ta karkata ƙwaryar, ta ɗan buga gefenta da tafi. Makaranta guda aka yi tsit, ba ka jin komai sai motsin ruwan. Can sai ga wani baƙin gari siriri ya kwanta a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokali ba. Ta dangwala ta zuba wa Rahila a tafin hannu, Rahila ta ce, "Wayyo, nauyi gare shi!" Kuza ke nan. Shekara biyu muna taka wurin nan ba takalmi, ba mu san abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba.

Shugaban makaranta ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna kusa da ita, ya ce, "Iya, don Allah sake yi in gani." Ta sake. Kafin a kaɗa ƙararrawa takardata ta cika gaba da baya, shi ma ya karɓi biro ya sa hannu, ya rubuta sunan Iya Tabawa a matsayin malamar ƙungiya, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Duk Laraba ta riƙa zuwa har muka gama makaranta.

Yanzu in na je gida ƙarar injin niƙa dutse nake ji daga bakin gari, matan da ke rairaya a rafi sun yi ƙaranci, Iya kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni da nake shugaba na shagala da kiran suna da tsara layi, ban taɓa tsugunawa na koya ba, ina ganin ai tana gida, gobe ma rana ce. Bara na gwada a gaban 'ya'yana, yashi da kuza duk suka bi ruwa. A ɗaki ɗaya muke kwana da Iya, amma Rahila ce ta gaji hannunta.